Yaji da Biko a kan Salga: Wani Wasan Sinima na Indiya da Ƙasar Gobir

A watan Agusta na 2017 aka fito da wani wasan sinima a Indiya mai suna Toilet: Ek Prem Katha, watau labarin soyayya a kan salga. Shree Narayan Singh ne ya shirya shi, Akshay Kumar ya fito a matsayin ango, Keshav, Bhumi Pednekar kuwa ita ce amarya, Jaya. Shekara uku kafin nan, ran 2 ga Oktoba 2014, gwamnatin Indiya ta ɗaura yaƙi da bahaya a fili, wasan kuwa goyon bayan wannan yaƙi ne.

Ga yadda labarin yake. Amarya ta tare, da asuba sai matan ƙauye suka zo kiranta, kowace da butarta, a tafi daji kafin gari ya waye. Nan ta gane gidan mijinta ba salga. Uban miji malamin addinin Hindu ne, a wurinsa ƙazanta ce a haƙa masai cikin gidan da ake girki da ibada. Ango ya yi ta dabaru, har yakan kai ta ban-ɗakin jirgin ƙasa idan ya tsaya a tasha. Ran nan jirgi ya tashi da ita, ta zarce gidan iyayenta, ta ce ba ta dawowa sai an gina.

To, Bahaushen Unguwar Lalle, cikin ƙasar Sabon Birni, ba ya bukatar tafinta a nan, domin abin da Jaya ta yi sunansa yaji, wahalar da Keshav ya sha kuwa biko ce. Gwanintar wasan ke nan. Maganar bahaya abar kunya ce, shi ya sa Hausa ke kewaye ta: a ce bayan gida, ko kewaye, ko makewayi, kalmomin da su kansu ke nuna wurin da ake ɓuya. Amma yaji magana ce ta zaure, wadda iyaye da waliyyai ke zama a kanta. Da aka ɗora salga bisa aure, sai abin da ba a faɗa ya sami bakin faɗa, dariya kuma ta rage nauyinsa. Majigin zamanin Turawa da duba-gari sun yi wa'azin tsabta, amma da umurni suka zo.

Sai dai fa ciwon bai zama ɗaya ba. Bahaushe Musulmi ba ya ƙyamar salga cikin gida, kulle ma ya wajabta ta. Abin da ke hana shi a Gobir shi ne rairayi, wanda ke rufta rami da damina, da tsadar siminti, da kasuwannin da ba makewayi. Tun wajen 2020 kuma hare-haren 'yan bindiga a Sabon Birni da Isa suka mai da fita daji kasada, suka cunkusa 'yan gudun hijira a garuruwa, sa'an nan kwalarar 2021 ta kashe fiye da mutum 3,000 a Nijeriya, Sakkwato na cikin jihohin da ta fi taɓawa.

Nijeriya ta kafa nata yaƙin a Nuwamba 2019, Jigawa ce ta fara cin nasara a 2022. Marubucin Kano da zai ari wannan labari, lalle ya riƙe yajin da bikon, amma ya sauke surukin nan mai taurin kai, ya sa magini da kuɗin siminti a gurbinsa.