Bayan Mota Ya Zauna: Sifirin Ne Ko Shokazoba?

Da kaka ta yi, motocin ƙungiyoyin manoma da na ɗakunan shan magani na ikilisiyoyinmu ba su da hutu. Yau masara zuwa kasuwa, gobe mai naƙuda zuwa asibiti. Ba a jimawa sai bayan mota ya zauna, direba kuwa ya zo gaban kwamiti yana neman kuɗin sabon shokazoba. Ma'aji, dakata tukuna.

Shokazoba ba ya ɗaukar kaya. Sifirin ne yake riƙe da nauyin mota, shi ne kuma yake ba ta tsayinta daga ƙasa. Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975, sifirin mai murɗi gare ta. Akori-kura kuwa na faifayen ƙarfe ne a bayanta. Aikin shokazoba dabam ne. Bututu ne cike da mai, in mota ta faɗa rami sai man ya matsu ta ƙananan ramuka, ya hana sifirin yin ta tsalle. Domin haka ko ka sa sabo fil, motar da ta zauna ba za ta tashi ba.

Tsai da mota babu kaya a wuri mai daidai, ka auna daga tsakiyar taya zuwa bakin ƙarfen da ke samanta, dama da hagu. In gefe ɗaya ya fi ƙasa, duba sifirin: ya gaji, ko faifai ɗaya ya karye. Sa'an nan ka danna kusurwar mota da ƙarfi, ka saki. Ta tashi sau ɗaya ta tsaya, lafiya. In ta yi ta rawa, shokazoba ya mutu. Haka nan in mai ya jiƙa jikinsa, ko ka taɓa shi bayan tafiya a kan gargada ka ji shi sanyi ƙalau, gama mai aiki yakan yi ɗumi.

Mataccen shokazoba ba abin wasa ba ne. Tayar da ke tsalle ba ta kama ƙasa, birki ba ya ci da wuri, marar lafiyan da ke kwance a baya kuwa shi ke shan wuya.

Abin da ya fi damunmu shi ne al'adar ƙara faifaye biyu ko uku domin a loda buhu 15 inda ya kamata a tsaya a 10. Buhun masara kilo 100 ne, 'yan'uwa, lissafin ba wuya. Mota takan yi tsayi, gaskiya ne, amma in babu kaya sai ta zama kamar amalanke, a kwana kuma tana saurin kifewa. Shokazoba ma yakan miƙe har ƙarshensa ya tsinke mazauninsa.

Akwai irin da ake iya gyarawa: zobe a gindin sifirin domin tsayi, da ɗan maɓalli domin tauri. Juya dama da hagu daidai wa daida, mataki ɗaya ɗaya, kana gwadawa a hanyar da ka saba bi. In saye ya zama dole, sayi biyu tare, da sababbin robobinsu, kada makaniki ya ɗaure kusoshin tamau sai an sauke mota daga jak ta tsaya a kan tayoyinta.