Daga Wuri Zuwa Wayar Hannu

Jama'ar Liba, da na Jega, da Aliero, da Maiyama, ku tambayi tsofaffinku yadda iyayensu suka zauna shekara ɗari da ta wuce. Za su gaya muku abubuwa da yawa sun sake. A wannan darasi za mu duba huɗu daga ciki: tafiya, da kuɗi, da noma, da lafiya. Ku lura da kyau, akwai abu guda da ya haɗa su duka.

Tafiya

Jega tsohuwar kasuwa ce, tun kafin Turawa su ci Sakkwato a 1903. Fatake sukan zo da jakuna da takarkarai da raƙuma. Sukan kawo goro daga Gwanja, da gishiri da kanwa daga arewa, da tufafi daga Kano. Mai zuwa Sakkwato da ƙafa sai ya yi kwanaki a hanya. Madugu ne ya san hanya, shi ya san zango da rijiya. Saura su bi shi kawai.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya iso Ƙauran Namoda a 1929. Bai zo ƙasarmu ba, amma motoci suka biyo baya. Yau mutum ya tashi daga Liba da safe a kan babur, ya ci kasuwar Jega, ya komo gida kafin la'asar. Babbar mota ta ɗauki albasar Aliero ta kai Legas. Amma yau babu madugu. Allon bakin hanya, da lambar mota, da rasit, su ne madugu.

Kuɗi

Kakanninmu da wuri suke ciniki. Wuri 20,000 shi ne jaka guda, kayan ƙato ɗaya ke nan. Sannan kuɗin Turawa suka zo. Anini 10 kwabo ɗaya ne, kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Ran 1 ga Janairu 1973 aka kawo naira, fam ɗaya ya zama naira biyu.

Wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001. Yanzu ana aika kuɗi ta cikinta. A farkon 2023 takardun naira suka yi wuya ƙwarai, saboda an sake fasalinsu. Masu saye da yawa suka ce sai dai su biya ta waya. To, manomin da bai iya karatu ba, yaya zai san kuɗinsa sun shiga? Tilas ya miƙa wa wani wayarsa. In ya gamu da mai gaskiya, ya gode Allah. In ya gamu da macuci, wahalar shekara ta tafi. Wuri ana ƙirga shi da hannu. Kuɗin waya sai da karatu.

Noma

Har yanzu gero da dawa muke nomawa a tudu, shinkafa da albasa kuwa a fadama. Amma aikin ya sake. A dā da jigo da ƙwarya ake ban ruwa, yau da inji. A dā takin shanu da toka ake zubawa, yau ga takin zamani, ga maganin ciyawa, ga maganin ƙwari.

Kowace kwalbar magani da rubutu a jikinta. Rubutun yana faɗin awon da za a zuba a ruwa. Yana faɗin kwana nawa za a jira bayan feshi kafin a ci amfanin gona. In ka zuba kaɗan, ƙwari ba su mutu ba, ka yi hasarar kuɗi. In ka zuba da yawa, ka ƙona shuka, ko ka cuci iyalinka.

A watan Nuwamba 2015 aka buɗe shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi. Rance kuwa da takarda yake tafe. Wanda ya dangwala yatsa a takardar da bai karanta ba, bai san nawa ake binsa ba, bai san ranar biya ba.

Lafiya

A dā agana takan shiga gari ta kashe yara, ta makantar da waɗansu. Allurar rigakafi ta kore ta, har aka yi shela a 1980 cewa babu ita ko'ina a duniya. Kurkunu yakan kwantar da manomi tsakiyar damina. A 2013 aka tabbata ya ƙare a Nijeriya. Amma zazzaɓin sauro da ƙyanda suna nan. Uwar da ta iya karanta katin rigakafi ta san ranar da za ta koma da ɗanta asibiti. Ta san ƙwaya nawa za ta ba shi, kuma sau nawa a yini.

Abin da ya haɗa su

Kun ga abin da ya haɗa huɗun nan? Kowane sabon abu da rubutu ya zo. Kada wani ya ce karatu baƙo ne a ƙasar Gwandu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littattafai masu yawa, kakanninmu kuma sun yi wasiƙa da ajami. Sai dai a dā malami ɗaya ya ishi gari. Yau kowane gida yana bukatar mai karatu.

An ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991. A 2006 aka kafa jami'a a Aliero, kusa da gonakinmu. 'Ya'yanmu za su iya zuwa can. Amma kada mu jira su dawo su karanta mana takardunmu. Gemu ba ya hana ilmi. Ku riƙa zuwa aji kullum, ku jawo maƙwabtanku, ku bar matanku su ma su koya.

Tambayoyi

1. Kwabo nawa ne a sule ɗaya?
2. A wace shekara aka kawo naira?
3. Me rubutun kwalbar maganin ƙwari yake gaya wa manomi?
4. Rubuta sunanka, da sunan garinku, da lambar wayarka.