Kafin mu dasa fure mai yaɗo a cikin gida

Duk wanda ya ratsa unguwannin Yamai, ko Maradi, ko Damagaram, ko Tawa, zai ga katangun da furanni ja da fari suka lulluɓe. A da, a ma'aikatu da gidajen manya ake ganin wannan ado. Yau ya shigo gidajen talakawa. Masu garka na bakin kogi a Yamai suna jera dashe cikin leda suna saidawa. Ƴan ci-rani masu komowa daga Abijan ko Kwatano su ma sukan riƙo ɗan reshe cikin kaya. Abin sha'awa ne. Fure yana sanyaya ido. Rumfar ganye kuma ta fi ta kwano sanyi nesa ba kusa ba, balle a watan Afrilu, lokacin da awon zafi ke wuce 40.

Dukanmu mun san halin yaɗo. Mun san kabewa, mun san duma, mun ga yadda wake ke rufe gona. Sai dai waɗannan, da ruwa ya ɗauke suke bushewa. Furannin ado da ake kawo mana ba su mutuwa da kaka. Shekara da shekaru suke yi, kullum suna ƙara ƙarfi. Saboda haka, kafin mu miƙa kuɗi, akwai tambayar da ta kamata mu yi wa mai garka. Mu ce masa: wannan shuka, ta ina take haihuwa? Amsar da zai ba mu ita za ta nuna yawan aikin da muke shirin ɗaukar wa kanmu.

Baƙi biyu, kowace da halinta

Ta farko ita ce bugambiliya. Asalinta Amurka ta Kudu. An sa mata sunan wani shugaban jirgin ruwa na Faransa, Bugambil, wanda ya kewaya duniya daga 1766 zuwa 1769, don abokan tafiyarsa ne suka tsinko ta a Birazil. Abin nan ja, ko fari, ko ruwan goro, mai kama da takarda, ganye ne da ya rine. Ainihin furen ɗan ƙarami ne, fari, yana ɓoye a tsakiya. Bugambiliya tana son rana, tana jure ƙishirwa. Tana da ƙaya, kuma rassanta kan ƙaru da metir guda ko fiye a shekara. Amma da wuya a ga ta tsiro da kanta daga iri. Sai an yanki reshe an dasa. Duk fitinarta a sama take, inda adda ke kaiwa.

Ta biyu masu garka ke kira liyan koray, da faransanci. Daga Meksiko ta fito. Furenta ƙanana ne, ja mai haske, suna fitowa tari-tari, kuma ƙudan zuma ba su rabuwa da su. Ba ta da ƙaya. Tana da ƴan siraran hannuwa da take kama zana, ko waya, ko reshen itace da su. A ido ta fi bugambiliya sauƙin hali, shi ya sa ta ruɗi mutane da yawa.

Ƙarfinta yana ƙarƙashin ƙasa. Saiwarta tana yin ƙullutu kamar dankali, waɗansu kusa, waɗansu can ƙasa sosai. A ciki take ajiye ruwa da abinci. In aka sare ta, sai ta toho daga nan. In aka sa mata wuta, ganye ya ƙone, dankalin yana nan da ransa. Ga shi kuma tana zubar da iri da yawa, irin kuwa yana yawo bisa ruwa ba ya nutsewa. A waɗansu tsibiran tekun Karayib, inda aka kai ta don ado, ta rufe gonaki da itatuwa da kangaye, har fid da ita ya gagari hukuma.

Gaskiya ne, ƙasarmu ba ta da ruwan waɗannan tsibirai. A kan tudu, inda ba a ban ruwa, rani yana hana ta sakewa. Haɗarin yana inda damshi ba ya yankewa: garka, da fadama, da bakin rijiya, da bakin gulbi, da bayan makewayi. In ta samu irin wannan wuri, sai ta hau mangwaro ko lemu, ta rufe shi ruf, ta tare masa rana. Itacen da bai samu rana ba kuwa ƴaƴansa raguwa suke yi.

Ta wace hanya take zuwa garka daga cikin gari? Sau da yawa mu muke kai ta da hannunmu. Mai gida ya sassabe yaɗo, yara su kwashe su zuba a juji. Da bazara a zo da amalanke a kwashi takin juji a kai gona ko garka, da iri da guntayen saiwa a ciki. Abin da ya rage, ruwan farko ya kwashe shi ya bi kwata da shi har fadama.

Mutanen bakin kogi sun riga sun ga irin wannan. Hausawa suna yi wa kainuwa kirari da dashen Allah. Amma akwai wata baƙuwar kainuwa mai shuɗin fure, wadda ake kira jasint da faransanci, ita mutane ne suka fito da ita daga Amurka ta Kudu, suka yaɗa ta cikin duniya don kyan furenta. Da ta shiga kogin Kwara, ta toshe wa masunta hanya, ta cika bakin injinan ban ruwa na gonakin shinkafa. In wuri ya yi mata daɗi, cikin kamar mako 2 take ninka yawanta.

Dashe

Wanda ya zaɓi bugambiliya, ga yadda ake yi. A yanki reshe mai ƙwari, kaurin alƙalami, tsawon santimetir 20 zuwa 25. A cire ganyen ƙasa. A soka shi cikin leda mai rairayi da ruɓaɓɓen taki, a ajiye a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa. Bayan wata guda ko biyu zai yi saiwa. Ba duka ke kamawa ba, don haka a soka 5 ko 6. Farkon damina ya fi dacewa da maida shi ƙasa. Wanda ya makara, to ranar 3 ga watan Agusta, ranar dashen itace, ba ta ɓaci ba. A gina rami santimetir 50 faɗi, 50 zurfi. A tsaga ledar a hankali, kada ƙasar ta wargaje, domin saiwar bugambiliya ba ta da wuyar tsinkewa.

A nan za mu ja kunnen masu ginin ƙasa. Kada a dasa kome jikin katanga. A bar aƙalla metir guda tsakani. Ruwan da ake zubawa kullum a gindin gini yana jiƙa tubali daga ƙasa, gishiri ya cinye shi, gara ta samu hanya. Damina ta 2024 ta tuna mana cewa ginin ƙasa ba ya wasa da ruwa: gidaje dubbai sun zube, har da tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram. Katangar da gindinta ya daɗe da jiƙa ita ke fara faɗuwa. A kafa wa shuka rumfarta ta kanta da dirkoki masu ƙarfi, kada a bar ta ta jingina da soro.

Ban ruwa kuwa, makonnin farko ne ke son kullum. In ta kama, sau 2 a mako ya isa. Masu yawan zuba mata ruwa ganye suke samu, fure kaɗan. Wannan albishir ne ga matan da ke sayen ruwa wajen ƴan ga-ruwa.

Liyan koray fa? A ganinmu, mai garka ko mai fadama ya haƙura da ita. Wanda ke cikin gari, kuma ransa ya biya, to ya dasa ta cikin tsohuwar randa ko rabin gangar ƙarfe. Ya ɗora randar bisa dutse ko daɓen siminti, don kada saiwa ta bi ta hudar gindi ta shiga ƙasa. Fure ya fara bushewa, a tsinke shi tun bai zama iri ba.

Aski

Shuka mai yaɗo kamar gashin kai take, ba a yi mata aski sau ɗaya a ce an gama. Bugambiliya tana son a rage ta duk lokacin da furenta ya zube, don a sabon toho take yin wani. Babban askin kuma a yi shi kafin iskar farkon damina. Rumfar da ganye ya yi wa nauyi, iska ɗaya ke kada ita, wani lokaci a kan masu barci a tsakar gida. A duba indararo. In ganye ya toshe shi, ruwa ya kwanta bisa soro, ɗaki ya fara yoyo. Reshen da ya kai ga wayar lantarki, kada kowa ya taɓa shi da adda, sai a kira ma'aikatan wuta. Wanda ya tsallaka gidan maƙwabci kuma, mai shuka shi ya kamata ya yanke shi tun ba a yi masa magana ba. Rassan ƙaya a tara su wuri ɗaya a ƙone, don yaranmu ba kullum suke sa takalmi ba.

In liyan koray ta riga ta fi ƙarfi, sara kaɗai ba ya kashe ta. Sai an haƙa. A fara sare ta daidai ƙasa. A jiƙa wurin da marece, da safe a shiga da dagi. A bi kowace saiwa har ƙarshenta, a fid da dankalin duka. A shanya su bisa kwano ko dutse har su bushe ƙayau, sannan a ƙone. Kada ko ɗaya ya je juji, kada ya shiga ramin taki. Duk da haka wani zai kuɓuce. Bayan kowane mako 2 a koma, duk tohon da ya leƙo a tone shi. Dankalin da aka hana shi ganye, a hankali abincinsa ke ƙarewa. Aikin yakan ɗauki fiye da damina ɗaya, kuma wanda ya gaji a tsakiya ya koma farko. Maganin kashe ciyawa da ake saidawa a kasuwa, ba mu ba da shawarar a fesa shi a cikin gida ba, inda yara ke rarrafe, kaji ke tono, ga kuma rijiya kusa.

Lafiyar iyali da bisashe

Yaɗon da ya kwanta ƙasa ya yi duhu, maɓoyar kunama ce da maciji, musamman in akwai ɓeraye. A ɗage rassa sama, a bar gindi fili yadda tsintsiya za ta shiga. In an yi rashin sa'a maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure tamau. A ɗauke shi zuwa gidan likita nan take.

Sauro yana hutawa cikin ganye da rana, amma a ruwa yake haihuwa. Da zafi, kwana 7 zuwa 10 sun ishe shi daga ƙwai zuwa mai cizo. Kwanon da aka tara a gindin randa, da gwangwanin da aka jiƙa reshe, da ɗan gurbin da ban ruwa ya bari, duk a zubar ko a cike su kowane mako. Fure bai kamata ya jawo wa gida masassara ba.

Akwai kuma itatuwan ado masu dafi, waɗanda ake saidawa tare da masu yaɗo. Ɗaya mai dogon siririn ganye ne da fure ja ko fari, ana ce masa loriye roz. Ɗayan mai fure ruwan ɗorawa ne kamar ƙaramin kakaki, ana yawan yin shinge da shi a makarantu da ma'aikatu, ƴaƴansa kore masu ƙwallo a ciki. Dukansu biyu dafinsu zuciya yake taɓawa. Kada a yi asuwaki da su, kada a yi tsinken tsire, kada a sa su a murhu. Rassan da aka yanke kada a watsa wa awaki. Yaron da ya tauna ganye ko ƙwallo, kada a tsaya ba shi nono ana jiran a ga abin da zai faru. A kai shi likita, a riƙa reshen a nuna.

Ko a cikin namu na gida akwai wanda kyansa ke ruɗi. Duman rafi furensa ya isa a kalla, har wani ya yi sha'awar dasa shi bakin rijiya. Amma duk gaɓar da ta taɓa ƙasa saiwa take yi, kuma guntun da aka yar yana kamawa. Bisashe ba su cinsa sai yunwa ta matsa. In suka ci da yawa, sai a ga tumaki suna rawar jiki, suna tangaɗi. Makiyayi da ya ga haka ya janye su daga wurin, ya nemi malamin dabbobi.

Wanda inuwa kaɗai yake so, ba sai ya je birni sayen dashe ba. Soso yana rufe rumfa cikin wata 2, furensa ruwan ɗorawa, kuma da kaka a samu abin wanka da wanke-wanke. Garahuni yana hawa darni, ganyensa kuwa mata sun san amfaninsa. Duma yana ba da ƙwarya da ludayi. Waɗannan duka da sanyi ya shigo suke bushewa, a yaye su a huta. Yaɗiya ita ce mai daɗewa, tana nan kore har tsakiyar rani, ana kwaɗonta, awaki da raƙuma suna ci. Ita ma tana naɗe itace in an ƙyale ta, amma tunda baki da yawa ke jiranta, da wuya ta fi ƙarfin gida.