Cikin Biri Da Cikin Mutum

A tsakiyar tafkin Gatun, cikin ƙasar Panama, akwai wani tsibiri mai duhun kurmi, sunansa Barro Colorado. A nan ne wata masaniya Ba'amurkiya, Katharine Milton, ta fara bin birai cikin shekarar 1974. Tun da asuba har faɗuwar rana tana biye da su, tana rubuta duk abin da suka kai baki.

Iri biyu ta fi sa wa ido. Na fari shi ne biri mai ruri, wanda ake jin kukansa daga nesa. Na biyu kuwa ana ce da shi biri gizo, saboda tsawon hannuwansa da ƙafafunsa. Nauyinsu kusan ɗaya ne, kurminsu ɗaya, amma cimarsu ta bambanta. Mai ruri ganye yake ci da yawa, ya haɗa da 'ya'yan itace. Gizo kuwa galibin abincinsa nunannun 'ya'yan itace ne.

Don ta san dalili, sai ta kama waɗansu na ɗan lokaci, ta ba su abinci da ta cuɗa da 'yan gutsattsarin roba masu launi, sa'an nan ta jira ta ga sa'ad da za su fito a kashi. A cikin biri gizo, abinci yakan wuce cikin kamar awa 4. A cikin mai ruri kuwa sai ya yi wajen awa 20. Ga abin da ya sa: ganye yana da wuyar narkewa. Babban hanjin mai ruri yana da faɗi, a ciki kuma akwai ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. Su ne ke ruɓar da ganyen sannu a hankali, har birin ya sami ƙarfin da ke cikinsa.

Wani abin mamaki kuma, ƙwaƙwalwar gizo ta kai giram 107, ta mai ruri kuwa wajen 50 ce kawai. Milton ta ce ganye ko'ina akwai shi, amma mai neman 'ya'yan itace tilas ya tuna inda kowace bishiya take, da lokacin nunarta. Watau ɗaya da hanji ya dogara, ɗaya da wayo.

Hausawa kan ce biri ya yi kama da mutum. To, har a ciki ma haka ne, amma da bambanci. A cikin mutum, ƙaramin hanji ya ɗauki fiye da rabin hanjin duka. A manyan birai, irin su cimfanzi, babban hanji ne ya fi. Wannan ya nuna cikin mutum ya saba da abinci mai ƙarfi, mai saurin narkewa, kamar nama.

Duk da haka bai rabu da gadonsa ba. Cikin 1988 Milton da Montague Demment suka nuna cewa in an ƙara dusa a abincin cimfanzi, abincin yakan fi saurin wucewa, daidai yadda yake ga mutum. Mutum kuma, kamar biri, jikinsa ba ya yin bitamin C, sai ya same shi a abinci. Saboda haka Milton ta ba da shawara mutane su yawaita cin ganye da 'ya'yan itace, gama wanda ya bar su ya koma ga farin gari da sukari, ya hana cikinsa abin da aka gina shi a kai.