An soke dokar inshorar lafiya, an kafa sabuwa: me ya isa ga manomin Magarya?

A ranar 19 ga watan Mayun 2022 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, wadda ta soke tsohon shirin NHIS. Ga mazauna Magarya da sauran garuruwan Wurno, Rabah da Goronyo, inda noman shinkafa da albasa ne madogara, muhimmin abin tambaya shi ne: wa zai biya idan haihuwa ta zo da gardama, ko zazzaɓin damina ya kwantar da yaro?

An yi tsohuwar dokar a 1999, amma shirin bai fara aiki ba sai 2005, zamanin Olusegun Obasanjo. Shiga cikinsa ganin dama ne, don haka ma'aikatan gwamnatin tarayya ne suka fi cin moriyarsa, kowanne da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Manomi da ɗan tireda, waɗanda ba su da albashin da za a yanka, sun tsaya a waje. Har aka soke shirin, waɗanda ya ɗauka ba su kai kashi 10 cikin 100 na 'yan ƙasa ba, kuma fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyata yake fita. A karkara, ma'anar wannan ita ce sayar da tunkiya ko jinginar da gona.

Sabuwar dokar ta sauya abubuwa uku. Ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Ta ɗora wa jihohi gudanar da nasu shirye-shiryen, hukumar tarayya kuma ta zama mai sa ido. Sannan ta kafa asusun masu rauni domin ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara 5, mata masu juna biyu, tsofaffi, naƙasassu da matalauta. Buhari ya ce mutum miliyan 83 ne za su amfana.

Batun wajabtawar ne ya raba jam'iyyun Amurka. Tun da Barack Obama ya sa hannu a dokarsa ta lafiya a Maris ɗin 2010, 'yan Rifablikan suka lashi takobin soke ta su kawo wata, suna cewa gwamnati ba ta da hurumin tilasta wa mutum sayen inshora. 'Yan Dimokurat suka amsa cewa idan masu lafiya ba su zuba ba, asusu ba zai iya ɗaukar marasa lafiya ba. A Yulin 2017 yunƙurin sokewar ya faɗi a majalisar dattawa da ƙuri'a 49 da 51, bayan John McCain da wasu sanatoci biyu sun saɓa wa jam'iyyarsu.

A Najeriya ba a ga irin wannan ja-in-ja tsakanin APC da PDP ba. Gardamar tana wasu wurare. Akwai ta fuskar addini, domin wasu malamai na ganin akwai garari a cinikin inshora. Shi ya sa jihohin Arewa irin su Kano da Sakkwato suka gina nasu a kan taimakekeniya, kowa ya zuba abin da zai tallafi ɗan'uwansa. Hukumar Sakkwato, SOCHEMA, an kafa ta ne zamanin Aminu Waziri Tambuwal, gwamnatin Ahmed Aliyu ta APC kuma ta gaje ta daga hannun PDP a 2023.

Sai gardamar kuɗi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na haɗaɗɗen asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, rabinsa kuma ta hanyar inshora yake bi zuwa jihohi. Da shi ake biya wa talaka a asibitin mazaɓarsa. Amma wanda ba a yi wa rajista ba, ba ya cikin lissafi, komai tsananin buƙatarsa.

Ko da katin ya samu, sai an tarar da ma'aikaci da magani. Hare-haren 'yan bindiga a gabashin Sakkwato sun raba dubban mutane da ƙauyukansu, sun sa tafiyar dare da mai naƙuda ta zama kasada. Babbar jinya kuwa sai an dangana da birnin Sakkwato, Asibitin Ƙwararru ko na koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Saboda haka abin da ya kamata jama'ar yankin su riƙa tambayar kansiloli da 'yan majalisarsu, daga kowace jam'iyya suke, a bayyane yake: mutum nawa aka yi wa rajista a mazaɓarmu, wa ya zaɓe su, nawa ya shigo asibitinmu a bana, kuma a wurin wa ake kai ƙara idan aka ce wa mai kati babu magani?