Dogon allo ko gajere? Abin da ɗan Arewacin Ghana ya kamata ya sani kafin ya fara hawan igiyar teku

Matashin da ya tashi a Salaga ko Yendi ko Bawku yana iya kai shekara ashirin bai taɓa ganin teku ba. Ruwan da ya sani shi ne na rijiya da madatsa, da kogin Daka ko Farin Volta, sai kuma tafkin Volta idan ya taɓa tsallakawa daga Makango zuwa Yeji. Amma karatu da neman abinci suna kai matasan waɗannan garuruwa Kudu, su zauna a zangunan Nima da Mamobi da Madina a Akra, wadda mutanen zango ke kira Ankara, ko kuma a Takoradi. A can wasunsu ke ganin samari tsaye a kan allo, igiyar teku na gudu da su zuwa gaɓa, sai sha'awar wasan ta kama su.

Tambayar farko da mai ba da hayar allo zai yi wa sabon shiga ita ce wane iri yake so, dogo ko gajere. Amsar da ya bayar tana iya sa ya miƙe tsaye a ranar farko, tana kuma iya sa ya yi makonni yana shan ruwan gishiri har ya haƙura. Ta shafi aljihunsa, ta shafi lafiyarsa.

Wasan ya daɗe a gaɓar Ghana

Mutane da yawa na ɗaukar hawan igiyar ruwa a matsayin wasan Turawa masu yawon buɗe ido. Tarihi ya nuna akasin haka. Masanin tarihi Kevin Dawson ya tattara rahotannin matafiya da suka ga yaran wannan gaɓa suna hawan igiya a kan katako tun shekarun 1640. A 1834 wani sojan Birtaniya, James Alexander, ya ga yara a Akra suna shiga teku da ƙananan alluna a ƙarƙashin cikinsu, igiya na dawo da su. Fim ɗin The Endless Summer, wanda ya bazu a duniya a 1966, ya nuna Amurkawa biyu suna hawa a Labadi da dogayen alluna, yaran masunta kuma na gwadawa.

A yau wuraren da aka fi koyo su ne Busua, wajen kilomita 30 yamma da Takoradi, da Kokrobite a yammacin Akra. Akwai makarantu da masu ba da haya a duka biyun, ƙungiyar Surf Ghana da Sandy Alibo ta kafa a 2016 kuma tana aiki da matasa. Masu zama a ƙasashen maƙwabta suna da Assinie a Kodebuwa, da Tarkwa Bay a Legas, da Ngor a Dakar.

Mene ne bambancin allunan biyu?

Dogon allo, wanda a bakin teku ake ce wa longbod, yana farawa daga ƙafa 9, wato kusan mita 2.7. Yana da faɗi da kauri, bakinsa a zagaye yake. Gajeren allo, shotbod, yawanci ƙafa 5 da rabi ne zuwa 6 da rabi, bai kai mita biyu ba. Siriri ne, bakinsa da tsini, galibi da fikafikai uku a ƙarƙashin wutsiya. Tsakaninsu akwai matsakaici mai ƙafa 7 zuwa 8.

Abin da ya fi tsawo muhimmanci shi ne girman jikin allon, wanda ake aunawa da lita kamar yadda ake auna jarka. Gajeren allo kan kai lita 25 zuwa 35. Dogo kan kai 60 zuwa 80, wani ma ya wuce. Kowace lita tana ɗaukar nauyin kusan kilo ɗaya a kan ruwa. Saurayi mai kilo 70 idan ya kwanta a kan allo mai lita 30, allon zai nutse a ƙarƙashinsa, rabin jikinsa na cikin ruwa. Idan ya kwanta a kan mai lita 80, zai zauna a sama kamar kwalekwale. Shi ya sa masu koyarwa da yawa ke cewa litocin allon mai koyo su yi kusa da kilon jikinsa, ko su ɗan fi.

Me ya sa ake farawa da dogo?

Duk wanda ya shiga kwalekwale a tafkin Volta ya san babban jirgi mai faɗi ba ya tangaɗi kamar ƙarami, kuma tuƙi ɗaya na kai shi nesa. Haka allo yake. Kafin igiya ta ɗauki mutum, dole ya kwanta ya yi tuƙi da hannuwa har gudunsa ya kusa na igiyar. Dogon allo yana zamewa da sauri ba tare da ƙarfi mai yawa ba, yana kama igiya tun tana ƙarama kafin ta fashe, yana kuma ba mai shi daƙiƙu na miƙewa. A kan gajere, sai mutum ya shiga daidai inda igiyar ke karyewa, ya miƙe cikin ƙiftawar ido, a kan abin da faɗinsa bai wuce rabin mita ba.

Akwai kuma lissafin lokaci. Mafi yawan zaman mai hawa a cikin ruwa yana tafiya ne a tuƙi da jira, hawan kansa daƙiƙu ne. Mai koyo da ya kama igiya goma sha biyar a zama ɗaya ya yi gwajin miƙewa sau goma sha biyar. Wanda ya kama biyu ya gaji daidai da shi, amma bai koyi komai ba. Yaro a Yendi da keke yake farawa kafin a ba shi babur, kuma babu wanda ke ganin wannan abin kunya ne.

Yanayin gaɓar Ghana ma ya dace da dogo. Daga Nuwamba zuwa Maris igiya kan yi ƙanana, kuma lokacin ne ya fi wa mai koyo sauƙi. Ƙaramar igiya ba ta da ƙarfin tura gajeren allo, amma tana tura dogo. Manyan igiyoyi sun fi zuwa daga Afrilu zuwa wajen Oktoba.

To me ke jan matasa zuwa gajere?

Bidiyon wayar salula ne. Gajeren allo ya samo asali ne a ƙarshen shekarun 1960 a Ostireliya da Hawai, lokacin da masu ƙera alluna irin su Bob McTavish suka fara rage tsawo don a iya juyi mai kaifi. Da shi ake tsalle sama, da shi ake shiga cikin ramin igiya. Da shi aka yi gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, inda wasan ya shiga a karon farko, da ta Paris a 2024, wadda aka yi hawanta a Tahiti. Sai dai waɗanda ake gani a bidiyon sun yi shekaru a cikin ruwa, da yawansu tun suna yara.

Gajere yana da fa'idodinsa na gaske. Ba shi da nauyi, yana shiga mota, yana shiga ɗaki ɗaya na haya a Nima, kuma ƙwararre na iya nutsar da shi ya bi ta ƙarƙashin igiyar da ta fashe. Dogo kuwa ɗaukarsa aiki ne, direban tirotiro sai ya ɗora shi a sama ya ƙara kuɗi, kuma fita da shi ta cikin babbar igiya wahala ce. Idan ya kuɓuce wa mai shi a cikin cunkoso yana iya fasa wa wani kai.

Saboda wannan haɗari ne makarantu ke ba sabon shiga allon soso, mai ƙafa 8 ko 9, wanda samansa laushi ne, fikafikansa kuma na roba. Yana da girman dogo ba tare da taurinsa ba. Yaro mara nauyi na iya farawa da na ƙafa 6 ko 7.

Iyo kafin allo

Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Allo ba rigar ceto ba ce, domin igiyar robar da ke ɗaure shi a ƙafa tana tsinkewa. Wanda bai iya iyo ba bai kamata ya wuce inda ruwa ke kai masa ƙugu ba, kuma sai da mai koyarwa a gefensa. Wanda ya koyi iyo a madatsa ko kogi ma yana da sauran karatu, domin teku na da ruwa mai ja, wata hanya da ruwan da igiya ta kawo ke bi ya koma ciki da ƙarfi. Sau da yawa wurin ya fi ko'ina kama da natsuwa, shi ya sa baƙo ke zaɓarsa. Idan ya ja mutum, kada ya yi kokawa da shi. Ya riƙe allonsa, ya natsu, ya bi gefe daidai da layin gaɓa har ya fita daga jan, ya ɗaga hannu a taimake shi. Gaɓar Lome da Kwatano ta yi suna wajen igiya mai faɗowa da ƙarfi a kan yashi, don haka mai koyo ya tambayi mutanen wuri kafin ya shiga.

Sauran ƙa'idojin kaɗan ne. Kada allo ya kasance tsakanin mutum da igiya mai zuwa. Wanda ya faɗi ya kare kansa da hannuwa kafin ya ɗago. A nisanci duwatsu da kwalekwalen masunta da igiyoyin taru, domin Busua da Kokrobite garuruwan kamun kifi ne kafin su zama na wasa. Ranakun Sallah da Ista, lokacin da bakin teku ke cika, ba su dace da darasin farko ba.

'Yan mata ma suna shiga. Ana hawa da doguwar riga mai kama jiki da wando har idon sawu, Khadjou Sambe ta Dakar kuma ta yi suna a matsayin mace ta farko ƙwararriya a wasan daga Senegal.

Haya ko saye?

Akasarin allunan da ke Ghana daga waje ake shigo da su, don haka farashinsu na bin canjin sidi. Mai koyo ya fi samun sauƙi idan ya yi haya a watannin farko, domin allon da ya dace da shi yau ba shi zai dace da shi baɗi ba. Gajeren allo na hannu yakan zo da araha idan wani baƙo zai koma gida, amma araha ba ta ado idan mai saye ba zai iya tsayawa a kai ba. Wanda zai sayi na hannu ya duba tsagewa, ya danna ya ji ko akwai wuri mai laushi, ya kuma ɗaga shi, domin allon da ya sha ruwa nauyi yake yi. Barinsa a rana yana ɓata shi.

Lokacin rage tsawo yana zuwa ne idan mutum ya iya fita da kansa har bayan inda igiya ke fashewa, yana kama igiyar da ba ta fashe ba a mafi yawan gwajinsa, yana kuma juyawa dama da hagu. A nan ma ana sauka ne zuwa matsakaici mai ƙafa 7 kafin a kai ga gajere. Wasu ba sa sauka ko kaɗan, domin dogon allo salo ne mai zaman kansa, ana tafiya a kansa har zuwa baki, yana kuma da gasar duniya tasa.

Ga ɗan Salaga ko Bawku da ya isa Busua a karon farko, abin da zai nema shi ne allon soso mai ƙafa 8 ko 9, da igiyar ƙafa mai kyau, da mai koyarwa ɗan wurin, da safiyar da teku ya kwanta.