Haƙorin da ke gudun ruwan sanyi

Ƴan uwa mata, duk ranar zubin asusu da hunturu sai mun ga wata ta dafe kunci. Ba kogo, ba kumburi, amma kurkurar baki wajen alwalar asuba ta zame mata azaba. Hura mai ƙanƙara ma sai dai ta kalla.

Ga dalili. Ƙarƙashin farin ɓawon haƙori akwai ƴan hanyoyi sirara, cike da ruwa, da suka nufi jijiya. In ɓawon ya zaizaye, ko dasashi ya ja baya, bakinsu ya buɗe. Sanyi ko tsami sai ya motsa ruwan, jijiya ta amsa da zugi. Wani likitan haƙori na ƙasar Suwidin, Martin Brännström, ya bayyana haka a shekarun 1960. Ke nan maganin shi ne toshe hanyoyin.

Shi ya sa masu bincike ke gwada wani gari da ake kira nano, mai ƙanƙantar da ido ba ya gani: kaurin gashi guda ya kai nanomita 80,000. Ana shafa shi ya shiga hanyoyin, sannan a haska masa wani haske na musamman. Garin ya sha hasken ya ɗumama, ɗumin ya taimaka wajen liƙe ƙofofin. Amma akwai hatsari: wani gwaji na 1965 a kan birai ya nuna ƙarin zafi na digiri 5.5 a cikin haƙori na iya kashe jijiyar. Don haka aikin na nan a ɗakunan bincike, a kan haƙoran da aka cire da kuma dabbobi.

To, mu kiyaye. Duk wanda ya zo kasuwa da kwalba ya ce maganin nano ne, kada mu ci bashin asusu mu ba shi. Kuɗin nan guminmu ne.

Abin da ke hannunmu yau: buroshi mai taushi, asuwaki a hankali, mu bar dirzar haƙori da gawayi ko toka. Bayan mun sha tsamiya, lemun tsami ko zoɓo, mu kurkure da ruwa, mu jira rabin awa kafin gogewa. A farmasi akwai man haƙori irin Sensodyne. Sai an yi makonni ana amfani da shi kafin a ji sauƙi.

In zugin na hana barci, ko kunci ya kumbura, wannan ba na jira ba ne, sai likita. Allah ya ƙara mana lafiya.